Inji ya zauna a shago, takarda ce ke zuwa Accra

Shagona yana Suame Magazin a Kumasi. Muna ƙera injin matsar gyaɗa, injin niƙa da gangar suya ta masu man kaɗe. Yawancin masu sayenmu mata ne daga Tamale, Bolga da Bawku, sai masu ƙuli-ƙuli na Aboabo da Asawase. Inji ba ya fita ya tafi ke nan. Mai shi za ta dawo ta ce nan yana zafi, nan yana shan mai, nan gyaɗa na toshewa. Daga ƙorafin gyara ke fitowa, wani lokaci kuma gyaran ya zama sabon abu da babu irinsa a kasuwa. Kafin ka ankara ka gan shi a layin baya, wani ya kwaikwaya.

Shi ya sa maƙera ke zuwa mini da maganar takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda ke hana wani kwaikwayon abin da ka ƙirƙira ba da izininka ba, kuma tambayar ɗaya ce: "Alhaji, wace mota za mu ɗauka mu kai injin Accra su gani?" Ba a kai inji. Dokar Ghana ta 2003, mai lamba 657, rubutu take nema: cikakken bayani, zane, taƙaitawa, da jerin abubuwan da kake cewa naka ne. Bayanin sai ya fito sarai, yadda wani gwani a sana'ar zai karanta ya ƙera abin ba tare da ya zo neman ka ba. Ofishin Rijistara-Janar a Accra ake miƙa wa, ko ka bi ta ARIPO, hukumar haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka da ke Harare, in kana son kariya a wasu ƙasashen Afirka.

A Amurka a da, sai ka haɗa da ɗan ƙaramin samfur. Gobarar 1836 a ofishin da ake ajiye su ta cinye dubbai, wata ta sake tashi a 1877, zuwa 1880 suka daina nema. Yanzu sai in jami'in da ke duba takardar ya buƙata, kamar ga wanda ya ce injinsa na juyawa har abada babu mai babu lantarki. Inda ajiye samfur ke da nauyi har yau shi ne wajen masu ƙwayoyin halitta, waɗanda rubutu ba ya iya bayyanawa, su ne yarjejeniyar Budapest ta 1977 ta shafa. Mu masu ƙarfe babu ruwanmu da wannan.

Wallahi abin yana damuna. Maƙerin da ya fi kowa hannu a layinmu sau da yawa bai iya zane ba. Injin a kansa yake, awonsa da ido ne da alli a ƙasan shago. Shi hujjarsa ita ce a tada inji a ga mai yana zuba. Amma abin da bai shiga jerin abubuwan da ka ce naka ne ba, ko yana jikin injin, doka ba ta san naka ba ne, kuma bayan an shigar da takarda ba a cusa sabon abu a ciki. Don haka a shagona duk ƙarfen da muka sauya, yaro zai auna shi, ya zana a littafi da kwanan wata kafin a kama walda. In abu ya nuna, ina biyan ɗalibin injiniya daga jami'ar Kwame Nkrumah ya mayar da zanen cikin kwamfuta.

Takardar iri biyu ce: babba tana kare ka shekara 20, kana biyan kuɗi duk shekara. Akwai ta ƙaramar ƙirƙira mai shekara 7, wadda sharuɗɗanta suka fi sauƙi, kuma a ganina ita ta fi dacewa da irin gyare-gyarenmu.

Samfurin kuwa ana ƙera shi, don ba ka rubuta abin da ba ka gwada ba. Sai dai a gwada shi a cikin shago. Wasu ƙasashe, da zarar abu ya bayyana a fili kafin ranar shigar da takarda, sun daina ɗaukarsa sabo. Na hana yarana ɗaukar bidiyonsa su sa a WhatsApp, ko ƙanina ne ya zo tamfol yake tararwa a kai, sai ranar da rasit ɗin Accra ya shigo hannuna.