Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Zobe a Ƙafar Tsuntsuwa

A makon jiya na tsaya a inda mahaifina ya danƙa ni a hannun ƙanensa, Baffa, wanda yake sana'ar su a fadamar Baturiya da ke ƙasar Haɗeja. A lokacin ina aji biyar a firamare, kuma aikina a ranakun da babu makaranta shi ne in zauna a goshin kwalekwale ina kwashe ruwa da ƙoƙo, shi kuwa yana duba gura, wato tarkon kifi.

Abin da zan faɗa ya faru ne a watan Maris, bayan sanyi ya janye, ruwa ya ja da baya ya bar taɓo mai faɗi. Baffa ya kasa tsuntsayen fadama gida biyu. Kirinjijiya da dinya da zalɓe ya ce 'yan gida ne, amma ƙananan agwagin ruwa da wasu masu dogayen ƙafafu da ke sauka bayan damina, waɗannan baƙi yake kiransu. Idan ya ga sun duƙufa kiwo tun asuba ba sa ko ɗaga kai, sai ya ce baƙi sun fara ɗaure kaya. Yakan ƙara da cewa kafin a gina madatsar Tiga a 1974, ambaliya takan kai inda ido ba ya gani, kuma idan garkensu ya tashi har rana yake karewa.

Wata safiya na ɗauki danƙona na harbi ɗaya daga cikin baƙin nan, kuma ba don yunwa ba, ƙuruciya ce kawai. Da na ɗago ta sai na ji ƙirjinta cike da kitse, jikinta da sauran ɗumi, a ƙafarta kuma ga wani siririn zoben ƙarfe mai lambobi da rubutun boko. Baffa ya jujjuya shi a tafinsa, ya dube ni ya ce, "Yaro, ka kashe mai ubangida." Da muka isa gida Inna ta hana a shiga da shi ɗaki, domin a ganinta ajiyar mutanen ɓoye ce.

Malaminmu ne ya warware mana. Ya ce a Turai aka sa mata zoben, domin masana su gane hanyar da take bi, kuma kitsen da na ji shi ne guzurinta na ƙetare Sahara da Bahar Rum. Ya ce a daidai wannan lokaci hunturu yana ƙarewa a can, mutane suna fita bakin teku da madubin hangen nesa, suna tsaye cikin iska mai sanyi suna lissafa tsuntsayen da suka komo. Na ce, "Malam, ke nan akwai mai jiran wannan?" Ya ce wataƙila akwai.

Ban iya cin naman ba, ko da yake Baffa ya ce tun da an yanka ba za a zubar ba. Bayan mako uku fadama ta yi shiru, sai 'yan gida kaɗai, muka koma sauraron isowar shamuwa. Zoben kuwa na ɓoye shi a gwangwanin madara, kuma shi ne ya haɗa ni da wasu baƙi masu ƙidayar tsuntsaye, labarin da zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.