Tsinke biyu

Laraba. Hazo ya rufe Damagaram tun da safe, ko duwatsun Birni ba a hangowa sosai. Leɓɓan kowa a gidan nan sun tsattsage.

Mariyama ta dawo daga lakwal da wani wasa da malaminsu ya koya musu. Tsinken tsintsiya biyu kawai. Ka rufe ido, ta ɗora maka kawunansu a fata lokaci guda, ka faɗi ɗaya ka ji ko biyu. Ni ta fara kamawa ina tsaka da tankaɗe. A kan yatsana ta kusan manne su, tazarar ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba, amma na ji biyu sarai. Da ta koma gadon bayana sai na yi ta cewa ɗaya, ɗaya, ita da Sani suna ta ƙyaƙyata dariya. Ashe ta ware su sosai. Sai da tazarar ta kai wajen santimita 4 kafin na ce biyu.

Ta buɗe littafinta tana karanto mana da iyayi, wai wani Bajamushe mai suna Weber ne ya yi wannan awon a Leipzig, ya wallafa shi a 1834. Jijiyoyin ji a kan yatsa da leɓe cunkushe suke kamar rumfunan Kasuwar Dole, na baya kuwa warwatse kamar rijiyoyin hanyar Tanut. Kan harshe ya fi kowa, milimita 1 ma yana rabewa. To shi ya sa zaren kilishi in ya maƙale a haƙori sai ka ji kamar gungume, amma in bayanka na ƙaiƙayi sai ka yi ta ce wa mai sosa maka "sama kaɗan, a'a, gefe", kai kanka ba ka san wurin ba.

Sai ga Baba ya shigo daga la'asar. Ta tare shi a bakin zaure.

"Kaka, kawo hannunka in gani ko har yanzu kana da amfani."

"Amarya, hannun da ya shekara arba'in yana dukanci za ki gwada da tsinke?"

Ya miƙa yana dariya. Mutumin nan da yatsa biyu yake murza fatar akuya ya gaya maka ko majemi ya yi ha'inci. Ta ɗora, ya ce ɗaya. Ta ware, ya ce ɗaya. Ya ce kanta ce, aikin basilla ne. Na yarda, don tafin hannunsa kamar ƙirgi yake.

Yarinyar nan ba ta daddara ba, ta durƙusa ta koma babban yatsan ƙafarsa. Ta danna har fatar ta lotsa. Idonsa a rufe ya ce, "To fara mana."

Nan ne na ga karangiya biyu maƙale a tsakanin yatsunsa, ɗaya har da busasshen jini. Da su ya je masallaci ya dawo. Karangiya fa, wadda ko a bakin zane ta kama ni sai na tsaya na cire.

Na ciccire masa ban ce komai ba. Amma likitar da ta auna masa sukari bara ta ja mini kunne a kan wannan, ta ce ciwon daga yatsun ƙafa yake fara kashe ji, in riƙa duba masa ƙafa kullum. Na yi mako biyu ina dubawa, na watsar.

Tuwo ya yi gudaji. Sani ya ɓatar da takalminsa kuma.

Bayan isha na ce, "Baba, gobe mu koma awo." Ya ce sanyin hunturu ne, in bar shi ya ji labaru. Na kira Yaya sau biyu bai ɗauka ba.