Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ranar da aka raba sefa biyu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya inda aka ɗauke ni daga gishe, wato tagar biyan kuɗi, aka ba ni kujerar mataimakin direkta a reshen bankinmu, wanda in ka ji sunan muƙamin sai ka ɗauka wani babban abu ne alhali mu biyar ne duka har da mai gadi, fanka ɗaya, injin lissafi biyu, ɗayan ma sai ka ɗan mare shi yake tashi. Garin namu ƙarami ne a tsakanin Garwa da Marwa, ba nisa da iyakar Najeriya, kowa ya san gidan uban kowa. To yau labarin abin da ya jefa ni siyasa zan ba ku, kuma gaskiya ba labari ne da nake jin daɗin bayarwa ba.

Wanda bai ga shekarar 1993 a Kamaru ba ba zai gane ba. Sau biyu aka yanke albashin ma'aikatan gwamnati, a Janairu da kuma Nuwamba, malaman makarantar da ke karɓar albashi a wajenmu sai ka ga mutum ya amshi kuɗinsa ya koma gefe yana sake ƙirgawa wai ko kesiye mai biyan kuɗi ne ya yi kuskure. Ga bankunan da suka rufe tun ƙarshen shekarun 1980 da kuɗin bayin Allah a ciki, shi yasa tsofaffi da yawa sun gwammace su tona rami a ɗaka ko su zuba a adashi. Ana cikin haka a watan Agusta babban bankinmu BEAC ya ce duk sefar da ta fita ƙasashen da ba na sefa ba ya daina sayenta, mutanenmu masu zuwa Mubi sari suka dawo suna cewa 'yan canji sun fara yi wa sefa kallon raini. Daga nan jita-jita ta cika gari, za a karya sefa, za a karya sefa.

Akwai wani Alhaji, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa na nan da ransu, shi ne babban mai ajiya a reshenmu, ɗan kasuwar gyaɗa da atamfa da sukari. Aminin marigayi Babana ne, Baba nake ce masa. Shi ne ma ya lallashi Babana lokacin da ya ce ba zai yarda ɗansa ya yi aikin gidan riba ba. Wata ranar Disamba ya shigo da karnensa naɗe cikin leda, karne shi ne ɗan littafin ajiya, ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa yace ɗana, ina son miliyan shida daga asusuna, zan sayi sukari da yadi in ajiye kafin azumi, sauran in biya wa Hajiya kujerar Makka, don maganar da nake ji ba ta yi mini daɗi ba.

Wallahi a ranar ko miliyan huɗu babu a cikin akwatin ƙarfenmu, kuma an riga an gaya mana daga sama cewa mu kwantar wa mutane hankali kada a yi rububin cire kuɗi. Ni kuma na san in aka ji Alhaji ya kwashe nasa, kafin la'asar rabin kasuwa na bakin ƙofarmu. Sai na gyara zama nace Baba ai zancen 'yan shayi ne, tun 1948 sefa hamsin ke daidai da faran ɗaya na Faransa... a nan ma na ɗan yi ƙari don sai da Faransa ta canza kuɗinta a 1960 lissafin ya koma hamsin, amma dai na faɗa da ƙarfin gwiwa, nace abin da bai motsa ba tun kafin a haife ni ba yanzu zai motsa ba, ka bari sai bayan sabuwar shekara. Ya dube ni ya daɗe, yace ka tabbata? Nace na tabbata Baba. Ya mayar da karnen cikin leda ya tafi.

Daren Talata 11 ga Janairun 1994 ana hunturu, ina kwance da rediyo a kan ƙirji na ji sanarwar daga Dakar. Daga gobe faran ɗaya ya koma sefa ɗari. Matata tace lafiya ka tashi zaune haka, na kasa ba ta amsa.

Washegari kam ba a magana. Mutane sun cika harabar banki, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta riƙe ni da kuka wai an ce an kwashe rabin kuɗin kowa, na buɗe mata karnenta nace Inna duba, dubu tamanin ɗinki na nan ko dala ba ta fita ba. Kuma gaskiya na faɗa mata, lambar tana nan, abin da lambar za ta saya ne ya tafi. Duk abin da ke shigowa daga waje, magani, kayan mota, yadi, sai ya yi sama, wasu masu kanti ma rufewa suka yi kwana biyu suna jiran su ga inda farashi zai tsaya, ga azumi saura wata guda. Manoman auduga ne suka ɗan dara daga baya da kamfanin auduga SODECOTON ya ƙara kuɗin kilo, amma su ma taki ya biyo su.

Alhaji bai zo ba. Ran nan bai zo ba, washegari bai zo ba, kuma wannan ya fi mini ciwo da a ce ya zo ya zage ni. A kwana na uku bayan isha na ɗauki ƙafa na tafi zaurensa, na same shi shi kaɗai a kan buzu da fitilar ƙwai, na durƙusa nace Baba na cuce ka, ban san za a yi ba amma kuma ban san ba za a yi ba, kuɗi ne babu a akwati shi yasa na hana ka. Ya ci gaba da jan carbinsa kamar bai ji ba. Can yace Hajiya ba za ta je Makka bana ba. Shi ke nan abin da ya faɗa. Ya sa aka kawo mini kunun gyaɗa, na sha yana maƙale mini a wuya. Hajiyar kuwa Allah bai nufa ta je ba, kafin wata shekarar ta rasu.

Bai cire kuɗinsa ba fa, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba, har na fara zaton magana ta wuce. Sai ƙarshen 1995, ana shirin zaɓen meri, wato na ƙananan hukumomi, na 21 ga Janairun 1996, na farko da jam'iyyu da yawa za su shiga, ya aiko yaro a kira ni. Na tarar da zauren cike, 'yan kasuwa, liman, har da wakilin lawan na unguwa. Ku 'yan Najeriya ku gane, mu nan ba mutum ɗaya ake zaɓa ba, lista ce jam'iyya ke haɗawa ta konseye, wato kansiloli, in ta ci su kuma su zaɓi mer, wato ciyaman, a cikinsu. Alhaji yace sun duba listar babu Bahaushe ko ɗaya da ya iya karanta takardar kasafi da Faransanci, kullum a ƙara musu kuɗin rumfa ba su san inda yake zuwa ba, don haka sun sa sunana.

Nace Baba ni ma'aikacin banki ne, direkta ba zai yarda ba, kuma ni siyasa ba ta gabana. Ya yi murmushi ya sunkuyo yadda ni kaɗai zan ji yace ɗana, ina bin ka bashi, ko ka manta?

Na sa hannu a daren. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu za ku ji yadda muka kwashe da direkta, da ranar da na fara hawa kan tebur a tasha zan yi jawabi muryata ta maƙale.