Man suya a injin ban-ruwa: nozul ya daina toshewa

'Yan'uwa masu fama da man suya a injin dizal, yau da albishir na zo. Nozul ɗina, wato bakin da ke fesa mai a cikin inji, ya daina toshewa. Jiya da yamma na kwance shi bayan ya sha dogon aikin ban-ruwa da tsohon man suya zalla, na tarar da ɗan baƙi-baƙi kawai a bakinsa, tsumma ma ya share shi. Wanda ya san irin wahalar da na sha da wannan inji tun farkon rani zai gane dalilin da ya sa na tsaya a gefen lambu ina dariya ni kaɗai.

Injin dai tsoho ne, samfurin Lister mai silinda ɗaya, ƙirar Indiya, doki 6, yana juyi 650 a minti. Tsarin tanki biyu nake yi kamar kowa: ƙarami na gas, wato man dizal, don tayarwa da kashewa, babba na man suya. Man kuwa wurin masu suyar awara da ƙosai da dankali nake karɓa a jarka.

Ga yadda ciwon yake. Inji zai tashi lafiya da gas, in juya shi kan man suya, ya yi ta aiki kamar ba komai. Bayan wasu kwanaki sai sautinsa ya canza, hayaƙi ya koma fari-fari mai yaji a ido, ruwan da ke fita a tiyo ya rage ƙarfi. In na cire nozul sai in ga kunkunniya ta daskare a bakinsa ta yi tsini kamar ƙahon ɗan akuya, mai ba ya feshi, ɗiga kawai yake yi. In kankare, in wanke da kananzir, in mayar, a sake komawa gidan jiya.

Abin da kowa ya fara ce mini shi ne kauri, kuma gaskiya ne a wani ɓangaren. A zafin digiri 40, man suya ya ninka gas kauri wajen sau goma. In ka kai shi digiri 70 zuwa 80 kaurin yakan sauka sosai, ko da yake ba ya kamo gas. Don haka na naɗa bututun jan ƙarfe a jikin salansa man ya riƙa bi ta ciki. Zafi kam ya samu, har ya yi yawa: duk lokacin da na juya kan gas, man da ya tsaya a cikin bututun sai ya dahu ya yi danƙo. Sannan wata koriyar dauɗa ta fara taruwa a filta. Jan ƙarfe ne, yana sa man girki saurin lalacewa, haka ma duk ƙarfen da aka yi wa rufin zinki. Na cire shi, na sa bututun baƙin ƙarfe ya ratsa ta cikin tiyon ruwan zafi da ke fita daga kan inji. Koriyar dauɗa ta tafi, toshewar nozul tana nan daram.

Daga nan na koma kan man kansa. Na ɗiga kaɗan a kasko mai zafi, sai ga shi yana tartsatsi yana ƙara. Ruwa ne, kuma ruwan man suya ba ya zuwa shi kaɗai, da gishiri yake tafe, ga tsamin da man ya yi saboda yawan maimaita suya. A nan ne aljihuna ya ji jiki. Famfon mai ya riga ya ci, cikinsa ya yi zane-zane, sai da na canza kayan cikinsa da nozul sabo, kuɗin bakanike da komai ya haura naira dubu 40. Na daɗe ban ji zafin kuɗi irin wannan ba, domin duk abin da na ce na tsira da shi na kuɗin gas a watannin baya, nan ya tafi a rana guda.

Yanzu man yakan kwana a duro da na shafe da baƙin fenti a rana, guggubi da ruwa su kwanta a ƙasa, in ɗebo daga sama, in ɗumama, in tace da yadi, sannan ya bi filta mai ƙananan ramuka sosai, ta maikiron 5. Duk jarkar da ta yi tartsatsi a kasko ba ta shiga tanki. Wannan ya ceci famfo. Amma nozul ɗin sabo, wanda na saya da kuɗi mai zafi, shi ma ya soma tara kunkunniya. Ranar da na ga haka saura kaɗan in zubar da duron nan gaba ɗaya in koma layin gidan mai.

Wani dattijon bakanike ne, wanda ya tsufa a gyaran injinan niƙa, ya buɗe mini ido. Na kira shi ya duba mini ƙarfin feshin nozul. Ya zo inji yana cikin aiki, bai ko taɓa sifana ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan silinda ya bar shi a nan muna gaisawa.

Ya ce, "Malam, tun yaushe ka tayar da shi?"

Na ce, "Tun bayan sallar asuba, Baba."

Ya ce, "Injin da zan ɗora wa hannu in yi hira da kai, ai bai fara aiki ba tukuna."

Ku duba yadda ake kafa irin wannan inji a wurarenmu. Duro mai lita 200 cike da ruwan sanyaya inji, tiyo biyu, ruwan zafi ya hau ta sama, mai sanyi ya dawo ta ƙasa, babu famfo, babu komai. Haka na saye shi, haka nake ganinsa a ko'ina, kuma da gas ba ya nuna wata damuwa da za ka lura da wuri. To amma lita 200 ruwa ne mai yawa ga injin doki 6, balle wanda famfon ban-ruwa kawai yake ja, bai ɗauki cikakken nauyinsa ba, ga iskar hunturu tana kaɗa duron. Na sa ma'aunin zafi a bakin tiyon sama da hantsi, digiri 50 da 'yan kai. Wato man da nake alfahari ina ɗumamawa da wannan ruwan bai taɓa kai zafin da nake zato ba. Wanda ya fi wannan muni, shi kansa ɗakin ƙonewar a sanyaye yake. Gas yana zama tururi cikin sauƙi, shi ya sa yake yafe wa inji mai sanyi. Man girki sai ya wuce digiri 200 kafin tururinsa ya kama wuta, ɗigonsa manya ne, in ya faɗa kan ƙarfe mai sanyi sai ya manne, ya yi danƙo, ya ƙone rabi da rabi. Kunkunniyar da nake ta kankarewa ke nan.

Maganin bai kai kuɗin filta biyu ba. Na sayi tamostat na mota, wato abin da ke tare ruwa har sai ya yi zafi, irin wanda yake buɗewa a digiri 82, mai walda ya ƙera masa gida da guntun bututu, muka ɗaura a mafitar ruwan sama. Dole ka huda ɗan ƙaramin rami a jikinsa, kamar milimita 3, don iska ta fita ruwa kuma ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ruwan zafin ba zai isa wurinsa da wuri ba. Gwajin farko ruwa ya tafasa a cikin kan inji har tiyo yana tsalle, domin tiyon sama ya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya hau duro, iska ta maƙale a wurin. A wannan tsarin tiyon sama dole ya yi ta hawa babu ko ɗan gangare, kuma ruwan duro kada ya sauka ƙasa da bakinsa. Da muka ɗaga duron a kan bulo muka miƙar da tiyon, ma'auni ya zauna tsakanin 80 da 85, bai ƙara motsi ba. Na kuma daina juyawa kan man suya da agogo, sai ma'aunin ya haura 75. Kafin in kashe kuma ina ba shi gas ya wanke layin sosai, ba na rowa a nan.

Sautin ma ya canza. Bugun ya yi laushi, hayaƙi kusan ba ka gani, sai ƙamshin ƙosai da ke sa masu wucewa waige.

Bari in ɗan kauce, tunda kullum sai wani ya turo mini labarin Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin dizal, wai ai injinsa ya yi aiki da man gyaɗa. E, gaskiya ne a baje-kolin Paris na 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa, kuma gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada saboda gyaɗar da ake nomawa a ƙasashen Afirka da take mulka. Amma injinan wancan zamani da iska mai matsi suke hura man cikin silinda, tana farfasa shi komai kaurinsa. Famfo da nozul irin waɗanda muke amfani da su daga baya suka bazu, bayan kamfanin Bosch ya fara ƙera famfonsa da yawa a 1927, kuma a kan gas aka auna su. Saboda haka kada wani ya ɗauki wannan labari ya zuba man suya a motar zamani mai kwamfuta. Mu ma da muke sha da ƙyar, saboda injinmu mai juyi a hankali ne, kuma yana da ɗan ƙaramin ɗaki da mai ke fara ƙonewa a ciki kafin ya isa kan fistin.

Ban ce komai ya kammala ba. Baƙin mai yana ba ni tsoro. Duk man suyan da ya silale ta gefen ring ɗin fistin ba ya ƙafewa kamar gas, a ciki yake zama, kuma in ya yi yawa yakan mayar da baƙin mai kunu. Ina duba sandar awo kowace safiya, in na ga ya ƙaru maimakon ya ragu to akwai magana, kuma na rage tazarar juye zuwa rabin abin da nake yi a da. Sai matsalar ba ka san abin da ke cikin jarka ba. Mai suya za ta ce maka man gyaɗa ne, alhali yawancin na kasuwa yanzu tataccen man kwakwar manja ne ko na waken suya. Na kwakwar manja yana yin farin kauri da sanyin asuba har ya ƙi bin tiyo, na waken suya kuma yana gudu amma ya fi saurin yin danƙo. Na fara ware su jarka-jarka: in ajiye kwalba a waje ta kwana, wadda ta yi fari da safe na san ta bazara ce. Su kuma masu suyar sun gane ina nema, jarkar da ake ba ni kyauta yanzu sai da ciniki.

Shirin da nake da shi na haɗa injin niƙa a bel na biyu don ya samu nauyi sosai, da na gwada man bini-da-zugu yadda aka yi a ƙauyukan Mali da irin waɗannan injina, duk sun cakuɗe mini, ban san wanda zai riga ba. Bini-da-zugun da ke shingen lambu bai isa ya cika ko galan ba, kuma babu mai injin matsar gyaɗa da zai yarda in zuba masa 'ya'ya masu guba.

Abin da nake nema wurinku yanzu: wanda ya taɓa ƙara ƙarfin buɗewar nozul a irin wannan inji don feshin man suya ya ƙara laushi, ya gaya mini nawa ya ƙara, da yadda famfonsa ya ɗauka. Baba ya ce in bar shi yadda yake tunda ya zauna lafiya, ni kuma hannuna yana ƙaiƙayi.