A gidan mutanen Pala na sauka

Ƙarshen watan Oktoba na 2022 na sauka a filin jirgin Manchester da akwati biyu, ɗayan rabinsa kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Maigida da yara biyu na baro su a Funtua, da niyyar sai na samu wurin zama su biyo ni. Asibitin da ya ɗauke ni aikin jinya yana Preston, wani matsakaicin birni a yankin Lancashire, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa daga Manchester. Sun ba ni masauki na 'yan makonni, daga nan sai in nemi nawa. A nan ido ya raina fata. Duk gidan da na tambaya sai a nemi shaidar tsohon mai gidan haya, da tarihin mu'amalata da banki a ƙasar, da kuɗin ajiya na mako biyar. Wadda ko wata guda ba ta yi a ƙasa ba, ina za ta samo tarihi?

Wata babbar nas a sashenmu, 'yar Indiya, ta lura kullum lokacin hutu wayata tana kan tallan gidaje, abincina yana hucewa. Ta tambaye ni, na gaya mata. Washegari ta ce babbar 'yarta ta tafi jami'a, ɗakinta yana sama babu kowa, in zo in gani. Ba ta nemi takarda ko ɗaya ba. Abin da kawai ta tambaya shi ne ina da yara, kuma wa ke kula da su.

Kowa a sashen Ceci yake kiranta, wato Yaya a harshensu na Malayalam, ni ma haka na kira ta har yau. Mijinta kuma Cetan, wato yaya namiji. Ita kuwa "mole" take ce mini, kalmar da suke kiran 'ya ko ƙanwa da ita. Ta yi shekaru tana aiki a Saudiyya kafin ta zo Ingila a farkon shekarun 2000, lokacin da asibitocin Birtaniya suka ɗebi ma'aikatan jinya masu yawa daga jihar Kerala. Saboda haka ba sai na yi mata bayanin salla ko azumi ba. Ranar da na tare, ita ta nuna mini kusurwar da ta fi dacewa da alƙibla, Cetan kuma ya kai ni New Hall Lane ya nuna mini shagunan naman halal da masallatan da Musulmi 'yan asalin Gujarat suka gina a garin. Mutanen su Ceci Kiristoci ne masu cin naman alade, amma tun daga makon nan ta ware mini tukwane da cokula, naman da za a ci tare kuma daga mahaucin Musulmi ake sayo shi. Ban roƙa ba.

Garinsu Pala, a gundumar Kottayam, a bakin kogin Meenachil. Ƙaramin gari ne mai tuddai da gonakin roba, inda ake fita da asuba a tsaga jikin itace a ɗaura masa ɗan kwano ruwan robar ya tsiyaya. Na san wannan duka tun kafin in ga hoton wurin, domin babu daren da ba a ambaci Pala a gidan ba: farashin roba ya faɗi, kogi ya cika ya shiga kasuwa kamar yadda ya yi a ambaliyar 2018, wance ta aurar da 'ya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rogo. Suna kiransa kappa, su dafa shi ya yi luguf su ci da miyar kifi mai yaji da tsami. Da na ce mata mu ma muna cin rogo da ƙuli-ƙuli da mai, sai da ta ajiye ludayi ta saurare ni.

Jarrabawar gwajin aiki da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ke yi wa baƙi, wadda ake kira OSCE, tasha goma ce, wato gwaji goma daban-daban, kowace da mintocinta, kuma sai ka ci za a ba ka lambar rajista ka fara karɓar cikakken albashi. A falon Ceci na koye ta. Duk yammacin Lahadi bayan sun dawo daga coci, sababbin zuwa daga Kerala sukan taru, a kwantar da matashin kai a kan kujera a matsayin majinyaci, wata ta riƙe agogo, Ceci da ƙawayenta su zauna kamar masu jarrabawa. In ka manta ka wanke hannu ko ka duba sunan majinyaci a hannunsa, za a tsayar da kai ka sake daga farko. Ni kaɗai ce baƙar fata mai hijabi a cikinsu, kuma ba a taɓa karɓar ko kwabo a hannun kowa ba. A nan na fara gane cewa abin da nake gani ya wuce kirkin mutum ɗaya. Tsari ne, kuma jijiyarsa tana coci.

Su mabiya ɗariƙar Katolika ne, amma na wani reshe da ake kira Syro-Malabar. A wurinsu addinin ya zo musu ne ta hannun Toma, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, wanda suka yi imani ya sauka a gaɓar Kerala a shekara ta 52. Ibadarsu ta Lahadi Kurbana suke kiranta, kalmar Suriyanci ce, 'yar'uwar kalmar nan ta Larabci da muka sani, ƙurban, wato hadaya. Suna da azumin kwana hamsin kafin Ista, na kwana ashirin da biyar kafin Kirsimeti, har da wani na kwana uku na tunawa da tuban mutanen Annabi Yunusa. Cocin da suke zuwa a Preston tsohon gini ne na shekarun 1830, daga zamanin da garin yake cike da masaƙu. An rufe shi a 2014 saboda masu zuwa sun yi ƙaranci, aka miƙa wa mutanen Kerala, suka cika shi. A ranar 28 ga Yuli 2016 Fafaroma Francis ya kafa musu yankin bishop nasu na Birtaniya baki ɗaya, da hedikwata a wannan cocin, aka sa wa cocin sunan Waliyyiya Alphonsa. Bishop ɗin farko, Joseph Srampickal, a filin ƙwallon Deepdale aka naɗa shi a watan Oktoba na wannan shekarar, domin babu cocin da zai ɗauki jama'ar. Cetan ba ya ba da wannan labari sai ya ƙara da cewa mutumin daga yankin Pala yake.

Ban taɓa shiga ibadarsu ba, su ma ba su taɓa gayyata ta ba, kuma na ji daɗin wannan mutuntawa. Abin da na gani da idona shi ne abin da ke faruwa a gidaje. Sun raba kansu rukuni-rukuni bisa unguwa, kowane rukuni gidaje goma sha wani abu, da sunan wani waliyyi da shugaba da marubuci. Sau ɗaya a wata ake haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, bi da bi. Da farko in taron ya zo gidanmu nakan hau sama in rufe ƙofa. Daga baya na riƙa saukowa kicin in taya soya appam, wata irin waina ta shinkafa da madarar kwakwa mai kama da sinasir ɗinmu. Daga kicin nake jin komai. Sukan yi addu'a da karatu kamar na rabin awa, sai marubuci ya buɗe littafi. Wa ya iso daga gida a wannan watan, wa zai ɗauko shi daga filin jirgi, yana da katifa? Matar wane ta haihu, su wa za su kai abinci a makon farko, su wa a na biyu? Wance da mijinta duk aikin dare ya haɗe musu ranar Laraba, yaran a gidan wa za su kwana? Kowace tambaya sai an rubuta suna a gabanta kafin a wuce. A gida muna da zumunci wanda ya fi wannan zafi, amma namu a zuci yake da ƙafa, kana fitowa ƙofar gida ka ji abin da ya faru. A ƙasar da kowa ke bayan rufaffiyar ƙofa, ga aikin awa goma sha biyu, zumuncin da ba a rubuta shi aka ba shi rana da sa'a ba, sanyi ne ke cinye shi.

Har adashi suna yi, citti suke ce masa. Na shiga na mata, da kwasata ta zo da ita na biya kuɗin ajiyar gidan da muke ciki yanzu, kuma Cetan ne ya tsaya mini a wurin mai gidan.

Akwai wani abu da na daɗe ina juyawa a raina, batun maza. A yawancin gidajen nan matar ce ta fara zuwa, bizar tata ce, albashinta ya fi yawa. Mazan da suka biyo, wasu malaman makaranta ne a gida, wasu akantoci, suka dawo aikin rumbun kaya ko tuƙin tasi ko kula da tsofaffi, su kai yara makaranta, su dafa abinci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga namiji, ko a Kerala ko a Katsina. Na lura coci ne ke mayar musu da girmansu: su ne masu riƙe kuɗin ikilisiya, masu koyar da yara karatun addini ranar Lahadi, masu shirya buki. Da maigidana ya iso da yara a tsakiyar 2023, ya shiga irin wannan halin, ya yi shiru na wasu watanni. Cetan ne ya riƙa zuwa yana ɗaukarsa a mota su zaga, ya nuna masa inda ake neman aiki, ya gaya masa abin da shi ma ya sha shekara ashirin da suka wuce. Ni ba zan iya gaya masa waɗannan maganganu ya ji su kamar yadda ya ji su daga bakin namiji ɗan'uwansa ba.

Ba zan ce zamansu ba shi da nauyi ba. Inda kowa ya san damuwarka, kowa ya san sirrinka. Na ga wata yarinya da ta daina zuwa taro saboda an gan ta da saurayi Bature, maganar ta isa Pala kafin ta isa kunnen uwarta. Akwai gasar gina manyan gidaje a can gida, waɗanda ke tsaye a kulle sai tsoho ɗaya ko biyu, masu su suna nan suna ƙarin aikin dare don biyan bashi. Yaran da aka haifa a nan kuma ana yi musu Malayalam suna amsawa da Turanci, abin da ke sa Ceci hawaye, kuma ni ma na fara ganinsa a bakin ƙaramin ɗana.

A ƙarshen Yuli suke bukin Alphonsa, wata 'yar zuhudu da ta rasu a 1946 a Bharananganam, 'yan kilomitoci daga Pala, bayan doguwar jinya, wadda aka ayyana a matsayin waliyyiya a 2008. Na tsaya a gefen titi da yarana muka kalli jerin gwanon: laimomi ja da ruwan ɗorawa masu tuntaye, maza da fararen zannuwa suna dukan ganguna, mata da sari masu bakin zinariya. 'Yata ta ce ya yi mata kama da hawan salla. Ni kuwa abin da nake kallo fuskokin ne, domin kusan kowace na san gidanta da aikinta da abin da ke damunta.

A watan Janairu na 2024 wani magidanci a rukunin su Ceci ya faɗi ya rasu, bai kai hamsin ba, ya bar mata da yara uku. Kafin gari ya waye an raba aiki. Wasu suna bin takardun mai binciken mutuwa da na ofishin jakadanci, wasu suna tara kuɗin kai gawa birnin Kochi a Kerala, wanda dubban fam ne, wasu sun karɓi yaran, fada, wato limamin cocinsu, yana zuwa gidan kowace yamma. An ɗauki makonni kafin a tafi da shi, kuma a duk tsawon lokacin matar ba ta kwana ita kaɗai ba, ba ta ɗora tukunya ba. Bayan an binne shi suka yi addu'ar kwana bakwai da ta arba'in da ɗaya. Na je gaisuwa na zauna a cikin mata, na riƙe hannunta.

A daren na kasa barci. Na tambayi maigida, in ni ce, wa zai yi mini wanka? Wa zai ɗinka likkafani, wa ya san inda maƙabartar Musulmi take, wa zai kira Funtua? Muka ƙirga Hausawan da muka sani a kusa, muka ga mun san su ne a waya kawai: wani likita a Blackburn, ɗalibai biyu a Lancaster, wata 'yar Maraɗi da ke aure a Bolton, wani ɗan Zongo na Kumasi da maigida ya haɗu da shi a masallacin Juma'a. Kowa yana zaman kansa, kowa yana jiran babbar salla ya tafi Manchester ya ga 'yan'uwa.

Da safe maigida ya je masallaci ya tambayo yadda suke shirya jana'iza da abin da ake biya. Ni kuma na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, irin na marubucin su Ceci, na fara kiran waya. Gidaje bakwai suka amsa. Muka sa Asabar ta farko bayan ƙaramar salla, a gidanmu. Na gaya wa Ceci a wurin aiki, ta tambaye ni mutum nawa, na ce wajen ashirin da biyar har da yara. Ta ce, "Mole, tukunyarki ba za ta isa ba." Ranar Juma'a da yamma Cetan ya tsaya a ƙofarmu da babbar tukunyar da suke dafa shinkafar buki da kujeru goma sha biyu na naɗewa, ya ce a dawo da su kafin ƙarfe tara na safiyar Lahadi, akwai karatun yara.