Saniyar Girinka da Abin da Rahoto Ba Ya Faɗa

Duk wanda ya yi aikin fili a shirin Girinka na Ruwanda ya san kuskuren da ya fi kowanne tsada: a kai saniya gidan da ba zai iya ciyar da ita ba, don kawai adadin da ofis ya yanka ya cika kafin ƙarshen zango.

Tun 2006 ake ba matalauci karsana, in ta haifi mace ya miƙa 'yar maraƙar ga maƙwabci. Fulanin Nijar sun daɗe da irin wannan, suna kiransa habbanaye. Sai dai su suna da daji. Ruwanda tuddai ce da cunkoso, gonar yawancin gidaje ba ta kai hekta 1 ba, kuma a turke ake ciyar da shanu. Saniyar madara mai jinin waje tana cin ɗanyar ciyawa kilo 40 zuwa 50 kullum, ga ruwa jarka 2 ko 3 mai lita 20. Wa zai yanko, wa zai ɗebo? Matar da aka kashe mata miji da 'ya'ya a kisan ƙare dangi na 1994 yau ta tsufa, ita ce a saman jerin mabukata, ita ce kuma ba ta da mai hawa tudu da lauje. Daga Yuni zuwa Agusta ciyawa ta bushe, saniya ta rame, nono ya ƙafe. In aka tsallake feshin kaska, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar da ta faɗi, tsohuwa ta rasa nono, ga kuma kunyar maƙwabcin da ke jiran maraƙa. Manya a birni kuwa sun riga sun rubuta "an raba", laifin sai ya sauka kan ma'aikacin da ya ce a dakata.

Gyaran ba wuya. A shuka ciyawa a gefen gona tun damina guda kafin saniya ta iso, a gina rumfa mai gangaren fitsari, a san sunan wanda zai riƙa yanka. Gidan da bai cika waɗannan ba, akuya ko kaji sun fi masa alheri, ko da hotonsu ba ya burge masu ba da kuɗi.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne haɗa sulhu da rabon maraƙi. Kotunan Gacaca, kotunan al'umma da suka yi shari'ar kisan ƙare dangin, sun saurari ƙararraki kusan miliyan 2 kafin a rufe su a 2012, da yawa cikin waɗanda suka amsa laifi sun koma tudun da suka yi ɓarnar. Akwai gidajen da suka miƙa wa juna maraƙi don raɗin kansu, abin kuma ya ɗore. Amma in ofis ne ya zaɓi wanda ya tsira ya haɗa shi da dangin wanda ya kashe masa 'yan uwa, aka tara jama'a da kyamara, za a yi musabaha, a koma gida ba a ga maciji. Mutumin da yunwa ke binsa ba zai ce a'a a gaban hukuma ba. A tambaye shi a keɓe, ta bakin wanda ya amince da shi, kamar matan AVEGA, ƙungiyar matan da aka kashe wa mazaje a 1994, ya kuma sani cewa ƙin yarda ba zai hana shi saniya ba.

Sauran a taƙaice. Kada a sa taro ko karɓar bashin adashi a makon juyayin kisan ƙare dangin da ke farawa 7 ga Afrilu, lokacin ne tsohon firgici ke tasowa har mutane su suma. Kada a tambayi kowa ƙabilarsa. A biya wa gida inshorar lafiya kafin a yi masa maganar jari, in ba haka ba rashin lafiya ɗaya zai cinye jarin. Jerin sunaye kuma a karanta shi a bainar jama'a, don an taɓa gano shanun talakawa a turken masu hali, sai da aka bi aka karɓo su.