Abin da Na Koya daga Rubuta Rahoton Wani Mai Tsargiya a Legas

Rahoton farko da na rubuta wa mujallar likitoci a kan wani matashi ne mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, wanda yayansa ya kawo shi asibitinmu a goye, domin ƙafafunsa sun mutu cikin kwana goma, fitsari kuma ya ƙi fita sai da aka saka masa roba. Abokan aikina sun fara zargin tarin fuka na ƙashin baya, kuma suna da hujja, tunda an saba ganinsa. Sai dai hoton MRI ya nuna ƙasusuwan lafiya lau, kumburin yana ƙarshen lakar baya.

Tafinta kawai aka kira ni in yi. Na zauna a gefen gadonsa na ce, "Malam, kafin ka zo Legas wace sana'a kake yi?" Ya ce tun yana yaro yake noman shinkafa a wani ƙauyen Kano da ke shan ruwan madatsar Tiga. Da na tambaye shi ko ya taɓa fitsarin jini, sai ya ce, "Likita, ai wannan tsargiya ce, babu yaron garinmu da bai yi ta ba." Bai faɗa wa kowa ba saboda bai ɗauke ta ciwo ba, kuma wannan amsa har yau tana damuna.

Muka karɓi fitsarinsa da tsakar rana, lokacin da ƙwan tsutsar da ke kawo tsargiya ya fi fita, muka kuwa gan shi a madubin awo da ɗan tsininsa a ƙarshe. Tsutsar tana fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata, ƙwanta yakan maƙale a mafitsara, amma jefi-jefi yakan ɓace hanya ya kai laka. Aka ba shi praziquantel, maganin tsargiya, tare da maganin rage kumburi, bayan makonni ya fara miƙewa da sanda.

Rubutun ya fi ba ni wuya. Ƙa'idojin CARE na 2013, waɗanda ake bi wajen rubuta rahoton marar lafiya, suna buƙatar jadawalin abin da ya faru daki-daki, shi kuwa da Juma'a da Babbar Sallah yake lissafi, don haka sai da na zauna da kalanda da yayansa muka daidaita ranakun. Takardar amincewa ma ban yarda a dangwala ba sai da na karanta musu ita da Hausa. Yayan ya tambaya, "Sunansa zai fito?" Na ce ko sunan ƙauyensu ba zai fito ba.

Mai tantancewa na mujallar ya dawo mini da rubutun a kan kalma ɗaya. Na rubuta cewa mun tabbatar tsargiya ce ta taɓa lakar, alhali ba mu ɗebi naman wurin mun auna ba, kuma samun ƙwai a fitsarin manomin shinkafa ba abin mamaki ba ne. Gaskiyarsa ce, na mayar da ita "mafi rinjayen zato". Ya kuma nemi bayanin halin da matashin yake ciki bayan wata shida, ga shi ya tafi gida noman damina. Sai da kaka ya dawo, ya shigo ɗakin duba marasa lafiya da ƙafarsa, yana ɗan jan ta hagu, haka kuma na rubuta.